Kalorin da na kona a jim, in ci abinci in mayar da shi ko in kyale?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min kaina ya daure. Shekarata 34, tsawona santimita 165, nauyina kilo 88, aikina na zama ne a kujera tun safe har yamma. Na sauke wata manhajar kirga kalori na saka bayanaina nace inaso in dinga rage rabin kilo a sati sai ta bani kalori 1400 a rana. To da farko abin yana tafiya lafiya lau, sai na fara zuwa jim sau hudu a sati ina hawa injin tafiya minti 45, ba gudu nake ba tafiya ce dai da sauri har in jike sharkaf da gumi. Agogon hannuna yakan nuna na kona wajen 500, shi kuma injin yace 430 kowa da nasa lissafin, kuma da zarar agogon ya tura wa manhajar sai in ga 1400 dina ta koma 1900 wai saura 500 in ci. Ni kuma gaskiya ci nake don in na dawo yunwa nake ji kamar in ci babu. Yanzu sati uku kenan sikeli ko gezau, yau 88 gobe 87.6 jibi 88.2 haka dai. Shin wannan 500 din cinta ake ko barinta ake? in barinta ake to meye amfanin manhajar ta dinga kara min ita? kuma in na barta anya 1400 zata rike ni da wannan motsa jikin kuwa

Mubarak_99:

Wslm anti karki ci ko daya. Ki shiga saitin ki kashe wannan karin gaba daya, 1400 dinki kawai. Ai rage kiba kikazo yi, in zaki kona 500 ki dawo ki zuba 500 to da kin zauna a gida kin huta da wahala

Malam Lissafi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Mubarak ka yi saurin yanke hukunci, bari mu fara duba inda 1400 ɗin nan ta fito tukuna.

Yawancin manhajojin nan da lissafin Mifflin-St Jeor suke aiki, wanda aka fitar tun 1990. Ga mace ana ninka nauyi sau 10, a ninka tsawo sau 6.25, a haɗa su, a cire shekaru sau 5, sannan a ƙara cire 161. Naki kenan 880 da 1031, a cire 170 a cire 161, ya rage 1580. Wannan shi ne abin da jikinki zai ƙona ko da kin wuni a kwance ba ki ɗaga ko yatsa ba, numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ɗumin jiki duk a nan suke ci. Mai aikin zama ana ninka masa da 1.2, ya kai wajen 1900, manhaja ta cire 500 don ki rage rabin kilo a sati, ga 1400 ɗinki nan. Kin ga kenan a wannan lissafin babu jim a ciki kwata-kwata, an ɗauka daga kujera sai gado. Shi ya sa take ƙara miki in kin motsa, kuma a ƙa'ida ba ta yi laifi ba, giɓin 500 ɗin da kika nema take son ta riƙe miki kar ya zama 1000.

Inda gizo ke saƙar shi ne ita kanta lambar da agogo ke bayarwa. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agogon hannu iri bakwai a jikin mutum 60, suna zaune suna tafiya suna gudu suna tuƙa keke. Wajen auna bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari sosai, amma wajen kalori babu ko ɗaya da ya yi daidai, wanda ya fi kusa ma ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa kashi 93. Agogo ba ya ganin abin da ke ƙonewa a jikinki, bugun zuciya da kaɗawar hannu yake gani sai ya yi kintace, kuma zuciya takan yi sauri don zafi ko rashin barci ko shan kofi ba tare da an ƙona wani abin kirki ba. Gumi ma haka, sanyaya jiki ne aikinsa, ba ma'aunin kitse ba ne.

Ga yadda za ki kintata da kanki. Mutum a zaune shiru yana ƙona kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyinsa cikin awa ɗaya. Tafiya da sauri kusan ninki huɗu ce ta wannan. 88 sau 4 ya ba da 352 a awa, minti 45 kuwa 264. To amma a cikin 264 ɗin nan akwai 66 da dama za ki ƙona ko kina kwance kina kallon waya, kuma an riga an saka miki ita cikin 1900 ɗin can, in kika sake ƙirga ta kin ƙirga sau biyu. Abin da ya rage wajen 200 ne. In kuma kina riƙe ƙarfen injin kina jingina da shi to bai ma kai haka ba.

Ni shawarata ki ƙara 200 a ranar jim, ko ki ɗauki rabin abin da agogo ya ce in ba kya son dogon lissafi.

Anti Bilki:

Malam lissafinka ya yi amma ka bar shi a tsakiyar hanya. Mu ce ta ƙona 200 ta ci 500, rarar 300 kenan, sau huɗu 1200 a sati. Giɓin da manhaja ta tsara mata kuwa 500 sau bakwai ne, 3500. Cire 1200 saura 2300. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7700 ne, kenan ko da tana cinye duk abin da agogo ya ba ta ya kamata a ce tana sauke kusan giram 300 a sati, sati uku kusan kilo guda. To ina kilon ya shiga? Agogo kaɗai bai isa ya cinye shi ba, Ummu Hanan akwai sauran magana.

Na farko ruwa. Duk wanda ya fara motsa jikin da bai saba ba tsokarsa takan riƙe ruwa tana gyara kanta, kuma jiki yana ƙara ajiye sukarin da tsoka ke aiki da shi, kowane giram ɗaya na wannan ajiyar yana tafiya ne da ruwa wajen giram uku. Ga gishiri in kin ci abu mai gishiri da dare, ga abin da ke cikin hanji bai fita ba, ga kuma namu na mata da Malam bai taɓo ba, kafin al'ada ta zo mace takan ƙara kilo ɗaya ko fi na ruwa zalla sai ta wuce ya sauka. Sati uku bai ma kai zagaye ɗaya ba ƙanwata, in kin fara awo bayan kin yi wanka kuma yanzu kina dab da wata to kitsen zai iya raguwa ruwa ya rufe shi ruf. Ki dinga hawa sikeli kullum da safe bayan kin zaga kafin ki sa komai a baki, ki rubuta, ƙarshen sati ki haɗa ki raba bakwai, wannan matsakaicin shi za ki kwatanta da na satin da ya wuce, lambar rana ɗaya ba ta gaya miki komai. Ki sami tef ɗin tela kuma ki dinga auna ƙugu daidai cibiya.

Na biyu kuma ki yi haƙuri da tambayar, anya 1400 ɗin 1400 ce? Da sikelin kicin kike aunawa ko da ido? Akwai wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1992, ƙaramin bincike ne a kan mutanen da suka ce suna cin ƙasa da 1200 a rana amma ba sa ramewa, da aka auna su da kyau sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikinsu kuma sun ƙara masa kashi 51. Kuma ba ƙarya suke ba wallahi, haka suka yi imani, ido ne ba ya iya awo. Babban cokali ɗaya na man girki wajen 120 ne, wa ke ƙirga man da ya zuba a tukunya? Gyaɗa cikin tafin hannu ta kai 170. Ɗanɗanon miya, ragowar abincin yara da ba a so a zubar, sukari da madarar shayi, lemon kwalba, waɗannan ba sa shiga manhaja amma suna shiga ciki. Kafin ki yi faɗa da agogo ki auna komai na sati biyu ki gani.

Sadiq K:

Ƙari a kan na Anti, akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, shi jiki ba ya yarda a ƙona masa ajiya ya zuba ido. Wani masani Herman Pontzer ya je wajen mutanen Hadza a Tanzaniya, mafarauta ne masu yawon neman abinci a daji da ƙafa wuni guda, ya auna abin da suke ƙonawa a rana, aka buga sakamakon a 2012, kowa ya zaci za su ninka mutanen birni amma da aka daidaita da girman jiki sai ga shi kusan ɗaya suke da mazauna Amurka da Turai. Daga baya a 2021 wani nazari a kan mutum sama da 1700 ya nuna a matsakaici jiki yana rama wajen kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona a motsa jiki ta hanyar rage kashewa a wani wurin, kuma masu ƙiba ramawar tasu ta fi yawa. Masana har yanzu suna ja-in-ja kan girman abin, amma ko ba bincike ke ki lura da kanki ranar da kika je jim, kin dawo kin baje a kujera, abin da da za ki tashi ki ɗauko sai ki aiki yaro, shara a bari sai gobe, to duk wannan zirga-zirgar da kika fasa kalori ce da kika cire daga 200 ɗin Malam. Shi ya sa ni na fi karkata ga Mubarak, mai tafiyar minti 45 in ta ƙyale ba abin da zai same ta. Ba wai ina cewa jim ba shi da amfani ba fa, zuciya da hawan jini da sukari da barci duk suna amfana, Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 zuwa 300 a sati take so babba ya yi na matsakaicin motsa jiki, ke kina 180 kin shiga layi.

Ɗan Gudu:

Ku yi a hankali da wannan magana ta kar a ci ko ɗaya, don ba ita kaɗai ke karantawa ba. Gudu yana cin kusan kalori 1 a kowane kilo a kowace kilomita, mutum mai kilo 70 in ya yi kilomita 15 ya ƙona wajen 1000, ka ce masa ya tsaya a 1500 ya ƙyale sauran? Sati biyu ba zai yi ba ƙafa za ta mutu, barci ya gudu, ya dinga jin sanyi yana faɗa da kowa a gida, kuma abin da zai sauka ba kitse kaɗai ba ne har da tsoka. Mata masu horo mai tsanani da ƙarancin ci al'adarsu takan ɗauke, ƙashi ya yi rauni, kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsalar a 2014, kuma ya ce har maza tana kamawa. Magana dai ta danganta da yawan abin da mutum ke yi.

Ita Ummu Hanan ba ta kai nan ba, na yarda. Amma ku duba abin da ta ce, in ta dawo yunwa kamar ta ci babu, kuma 1400 tana ƙasa da 1580 ɗin da Malam ya lissafa. In aka ce ta danne za ta danne Litinin zuwa Alhamis, Juma'a da dare ta buɗe firij ta rama na sati gaba ɗaya, gara 200 da aka tsara da 1500 da ba a tsara ba. Ummu Hanan abin da zan ce ki sa 200 ɗin nan a abin da ke riƙe ciki, dafaffen ƙwai biyu wajen 150 ne, ko yogot mara sukari da ayaba ɗaya, ko ki matso da abincin darenki ya zama shi ne na bayan jim kin ga ba ƙari kenan. Furotin ki ƙara shi, nama kifi ƙwai wake, ya fi daɗewa a ciki kuma shi ke kare tsoka lokacin da ake ramewa. In da hali ki rage injin tafiya kwana biyu ki ɗaga ƙarfe, agogo zai nuna miki lamba ƙarama ranar kar ki damu da shi.

Ummu Hanan:

Kai nagode sosai Allah ya saka da alheri, Anti Bilki da ido nake aunawa gaskiya kuma mai bana saka shi a lissafi sam, sikelin kicin zan nema. Maganar al'ada ma tayi daidai da lokacin. Amma Malam wata tambayar, a saitin akwai inda ake zabar yawan motsin mutum, ni na zabi mai zama, to yanzu tunda ina zuwa jim in canza zuwa mai dan motsi ne? kuma ni matsalata ranar da banje ba ma yunwar tafi damuna, washegarin jim, ranar kuma 1400 ce kawai ba kari, yaya zanyi da wannan

Malam Lissafi:

Hanya biyu ce ki ɗauki ɗaya. Ko ki bar shi a mai zama ki dinga ƙara na jim ranar da kika je, ko ki canza zuwa mai ɗan motsi ki cire haɗin agogo da manhajar gaba ɗaya. In kika canza kuma kika bar agogo yana ƙara miki, jim ɗaya an biya ki shi sau biyu, nan mutane da yawa suke faɗawa.

Tunda yunwarki ta washegari ce hanya ta biyu ta fi dacewa da ke, ci iri ɗaya kullum ko kin je ko ba ki je ba, don jiki ba ya rufe lissafi da ƙarfe sha biyun dare, abin da kika ci a sati shi ne magana. Sai dai lambobin biyu ba za su zo ɗaya ba kar ki rikice. In aka raba 800 ɗin jim na sati a kwana bakwai ya zama wajen 115, kenan 1515 a rana. In kuma aka bi ta mai ɗan motsi ana ninka 1580 da 1.375, ya kai 2170, cire 500 saura 1670. Tazarar 150 ce tsakaninsu kuma ba wanda zai iya gaya miki daga nan wacce ce taki, shi kansa lissafin Mifflin kan kauce da kashi 10 cikin ɗari ko fi a kan wasu mutane. Ki ɗauki 1550 ko 1600, ki auna abinci da sikeli, ki riƙe ta sati huɗu cur ba canji don zagayen al'ada ya cika. In matsakaicin nauyi yana sauka tsakanin giram 300 zuwa 700 a sati kar ki taɓa komai. In ya tsaya cak ki cire 100. In yana zuba fiye da kilo a sati kina jin jiri ko ƙarfi ya ƙare a jim ki ƙara 100 zuwa 150.

Ki kuma sa a ranki saurin zai ragu ko kina yin komai daidai. Wannan lissafi na 500 a rana rabin kilo a sati ya samo asali ne daga wani likita Max Wishnofsky a 1958, kuma ya ɗauka jiki zai ci gaba da ƙona abu ɗaya har abada. Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Lancet a 2011 cewa in aka bi shi tsawon lokaci yana alƙawarin ramar da ba za a samu ba, don ƙaramin jiki ƙaramin ci gare shi. Ke ma duba lissafinki, duk kilo ɗaya da ya tafi 10 ta fita, in kin kai 78 abin da kike ƙonawa a rana ya ragu da 120 ko fi, tafiyar minti 45 ɗin ma ta koma ƙasa da 180. Duk kilo biyar ki sake lissafi. In kuma kina shayarwa ko kina shan maganin sukari to duk lambobin nan ki kai wa likita ya gani kafin ki fara, don maganin sukari da ƙarancin ci da motsa jiki in sun haɗu sukarin kan faɗi ƙasa.

Mubarak_99:

Toh naji, amma dai agogon nan a kashe shi kowa ya yarda dani a nan ai

Anti Bilki:

Mubarak ba kashe shi za ta yi ba, ta bar shi yana ƙirga mata taku, wannan ya fi iyawa, kuma da shi za ta gane ko ranar jim zirga-zirgarta na raguwa kamar yadda Sadiq ya ce. Ummu Hanan in sikelin ya zo ki kula da ɗanye da dafaffe, giram 100 na ɗanyar shinkafa wajen 360 ne amma dafaffiya wajen 130 saboda ruwan da ta sha, taliya ma haka, nama kuma akasin haka ne don shi ruwa yake zubarwa a wuta ya ƙanƙance. Ki duba da kyau wanne kika zaɓa a manhajar kafin ki danna. Man kuma ki ɗora kwalbar a sikeli kafin ki zuba da bayan kin zuba, abin da ya ragu ki ninka giram ɗin sau 9, sai ki raba da yawan mutanen da suka ci daga tukunyar.